Korin da Ya Ci Fagen Yaƙinmu

A bayan garinmu, can wajen Bouza, akwai wani fako da ba a nomawa. Nan kakanninmu suka gwabza yaƙi a kan sarauta, unguwar gabas da ta yamma, alhali duk tsatso ɗaya ne. Waɗanda suka faɗi a nan aka rufe su, aka tara wa kowa tulin duwatsu. Tun daga ranar ba a ɗaukar dutse a wurin, ko na jifar akuya.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ke kula da fakon. Kakansa na kwance a can, tuli na uku daga bakin gangare, kuma duk Juma'a sai ya je ya yi masa addu'a.

Shekarar da na dawo gida koyarwa, na tarar kori, wato zaizayar da ruwan sama ke haƙawa, ya fara cin fakon. Na yi aikin gyaran ƙasa a Keita ina saurayi, na san maganin abin: a jera duwatsu a saman gangare, ruwa ya rage gudu. Aikin kwana uku ne, ga duwatsu birjik a warwatse. Na sami Kawu da maganar.

"Dutse guda ba ya tashi nan in ina da rai," in ji shi. "Mu haka munka iske, haka za mu bari."

"Kawu, ai ruwa bai san wannan doka ba."

"Kai dai lakwal, makarantar bokon nan, ta ɓata ka."

Na haɗiye. Na ce to, a ɗauko duwatsu daga wani wuri da amalanken jaki. Sai aka tara dattawa, kuma nan ne raina ya ɓaci sosai. Na gabas suka ce na yamma ne suka fara jifa da mashi, su ya kamata su kawo amalanke. Na yamma suka ce nasu ne suka fi mutuwa, ba za su yi asara biyu ba. Mutanen da ko takobi ba su taɓa riƙewa ba, har da nuna wa juna sanda. Damina uku muna wannan shirme. Na gaji na ce in an ƙi ji ba a ƙi gani ba, na daina zuwa taron.

A damina ta huɗu aka yi wani ruwa mai ƙarfi da asuba. Da gari ya waye aka ce mini tuli biyar sun rufta, har da na kakan Kawu. Na tafi da maganata a baki, ta shekara uku da nake ajiye da ita.

Na sami Kawu a cikin korin, laka har gwiwa, yana tsintar ƙasusuwa yana zubawa a gaban rigarsa. Ruwa ya cakuɗa su duka. Ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, sabko ka taya ni," ya ce. "Ban san wane na nawa ba."

Na tuɓe takalmina na sauka.