Ranar da Inna ta zo jin jawabina

Shekarar da na gama sakandare a Yelwa, ni aka zaɓa in yi jawabin bankwana a madadin ɗalibai mata. Malaminmu na Turanci ne ya tsara mini shi, kuma rabinsa gaisuwa ce. Ya ce a taron 'yan boko ba a afka wa magana haka kawai. Sai ka ambaci shugaban taro, ka ambaci babban baƙo, ka bi na kan babban tebur ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ce "all protocols duly observed", wato wanda na tsallake ya yi haƙuri. Na haddace tsaf, har a wurin wanka gaida ciyaman nake.

Inna ba ta taɓa taka makarantarmu ba. Ranar ta biyo jirgin safe daga ƙauyenmu na tsallaken ruwa, da sabon zaninta wanda tuni hayaƙin banda ya kama. Ba ta jin Turanci ko na cefane, amma ta ce sai ta ji muryata a lasifika. Mai jirgi kuwa ya ja mata kunne: da an sallame la'asar zai tashi, ba ya wasa da iskar yamma a kan ruwa. Kwana a gari bai taso ba, Baba na kwance ba lafiya.

An ce da hantsi za a fara. Babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Na zauna kusa da Inna a layin iyaye.

Liman ya yi "opening prayer" a gajarce, Allah ya saka masa da alheri. Sai aka kira "opening remarks". Shugaban taro ya miƙe ya ce ba zai ɓata mana lokaci ba. Ni dai tun daga ranar, duk wanda ya fara da wannan kalma nakan gyara zama. Da ya sauka, Inna ta tafa iya ƙarfinta.

"An ƙare?"

"Ba a fara ba, Inna. Buɗewa ake."

Shugabar makaranta ta karanta "welcome address", ta yi wa mutanen da suka wuni a zaune barka da zuwa. Sannan "introduction of guests": kowane babba a kira shi da duk muƙamansa, ya miƙe, ya saɓa babbar riga, ya ɗaga hannu. Aka manta da wani kansila, ya murtuke fuska, dole aka koma aka gabatar da shi daban.

"Shi wanga mi yac ce?" Inna ta tambaya da babban baƙo ya daɗe yana zuba.

"Cewa ya yi, kafin ya fara."

"Ashe shi ma bai hwara ba! Ko hura wuta da ɗanyen icce ba ta kai haka."

Na yi dariya, amma haushi ya cika ni fal. Muna nan aka kira la'asar. Inna ta ɗaure bakin zaninta, ta dafa kafaɗata, ta nufi ƙofa a hankali. Daidai nan aka kira ni.

Na hau, na kama lasifika. Ga manya a jere suna jiran a ambace su, ga Inna a bakin ƙofa ta waigo. Na san kafin in kai kan kansila ta kai bakin ruwa. Sai na ji bakina ya ce, "Inna, ina wuni?"

Ita kuwa ba a gaishe ta ta yi shiru. Daga can ta ɗaga murya: "Lahiya lau, ɗiyata! Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya karatu?"

"An gama, Inna."

Ɗakin ya ɓarke da dariya. Malaminmu ya dafe kai. Inna ko a jikinta, ta ce, "To, Allah shi yi miki albarka. Na ji ki. Bari in tahi, jirgi ba ya jira."

Ta fita. Na juya ga babban tebur na fara jero muƙamai da Turanci, hawaye na zuba. Suka ɗauka kewar makaranta ce, har suka tafa mini.