Ƙwayoyin Tibet a Kwanon Kaka

Har yau in na ji ƙamshin kanumfari haɗe da kafur sai gabana ya faɗi. Ƙamshin ɗakin Kaka ke nan a gidanmu na unguwar Aƙiƙ, can ƙasa mai tsarki, shekarar da na cika tara.

Ciwon gwiwa ya sa a zaune take sallah a Harami. A nan wata tsohuwa daga duwatsun Tibet ta tausaya mata, ta ba ta baƙaƙen ƙwayoyi, kowace a ƙulle cikin ƙyallen siliki. Jikar matar ta yi bayani da Larabci: ɗaya tak a mako.

Kaka ta ce wannan rowa ce. Ita a saninta magani jiƙa shi ake yi kamar tsimi, a yini ana kurɓa. Ta sa ni na zuba biyar a kwano da ruwan zamzam.

"Kada ki gaya wa bokan Turan nan," in ji ta. Baba take nufi, ɗanta, mai haɗa magunguna a asibiti.

Gwiwa kuwa ta saki. Kaka ta hau bene ba sanda, har tana yi mini gori. Ana tsakiyar zafin nan da ko ruwan famfo ƙona hannu yake, sai ta fara taɓa leɓenta tana cewa ba ta jin sa. Ta ciji harshe har jini, ba ta sani ba. Carbi ya riƙa zamewa daga hannunta. Ina gani, ina tsoro, ina ci gaba da jiƙawa.

Ranar da ta zube a bakin ƙofa, Baba ya riƙe tsintsiyar hannunta, na ga fuskarsa ta sauya. Na ɗauko kwanon na ajiye a gabansa.

Da aka auna sauran ƙwayoyin a asibiti, ya tsuguna gefen gadonta. "Inna, akwai wata saiwa a ciki mai kashe zafi, amma in ta yi yawa zuciya take birkitawa. Ga kuma zaiba, ita ma guba ce mai taɓa jijiya. Masu abin da awo suke sha."

"Ganye ne fa," ta ce a hankali.

Ta rayu, amma hannunta bai daina rawa ba har ta koma ga Allah. Ni nake riƙe mata kofi.

Yanzu irin ƙwayoyin nan a waya ake saye, a kawo maka har gida. Kullum na gani sai in tuna ba wanda ya taɓa tambayar wa ya jiƙa wa Kaka. Ni na jiƙa.