Na Raka Ka Har Gindin Itacen, Malachy

Yau Asabar, sha takwas ga watan Nuwamba, 2006. Na tashi da ciwon gwiwa kamar kullum, tarin da ya kama ni tun shigowar sanyi kuma bai sake ni ba. Amma hannuna yana iya riƙe alƙalami, na gode wa Allah.

Ranar Litinin da ta wuce, sha uku ga wata, da hantsi, Roseline ta buga mini waya ta ce mijinta Malachy ya rasu. Zuciyarsa ce ta tsaya yana cikin share ƙofar shagonsa. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Na yi mata ta'aziyya, na ajiye wayar. Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma.

Ina rubuta wannan da Hausa, Malachy, harshen da ba ka san komai a cikinsa ba sai "sannu" da "madalla", domin 'yan'uwana mutanen Nijar da ke nan Greensboro su san ko kai wane ne. Yawancinsu abu ɗaya suka sani a kanka: kai ne mai mashayar nan da tsohon malamin makaranta Abdussalam, wato ni, yake zuwa.

Na zo ƙasar nan a 2002, bayan rasuwar matata. Ɗana Salifou ne ya ɗauko ni daga Damagaram, inda na yi shekara talatin da huɗu ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. A can, ba na isa masallaci sai na amsa gaisuwa ashirin. A nan sai in wuni a bakin taga ina kallon motoci. Salifou yana kan hanya da babbar mota, matarsa tana wurin aiki, jikokina kuma in na yi musu Hausa sai su amsa da Ingilishi su wuce.

Wata rana cikin Afrilun 2003 na fita miƙe ƙafa, ruwan sama ya tsare ni. Na tura ƙofar da ta fi kusa. Warin wurin ya gaya mini inda na shigo kafin idona ya ga kwalabe. Na juya zan fita, gwiwa ta ƙi. Kai ne ka fito daga bayan kanta da kujera, ka ajiye ta a bakin ƙofa. Ka yi mini magana da Ingilishi, ni kuma don ruɗewa na amsa da Faransanci. Sai ka yi dariya, ka mayar mini da wani Faransanci mai tsatsa da ka kwaso lokacin da kake soja a Faransa, kana saurayi. Ka ce, "Zauna, tsoho. Ba wanda zai ɗura maka komai a nan." Ka kawo mini ruwa a kofin gilashi, na ƙi taɓawa. Ka dubi kofin, ka dubi hulata, ka ɗauke shi.

Da ruwa ya tsagaita ka riƙe gwiwar hannuna ka kai ni har gida, layi uku. A bakin ƙofa na yi maka godiya, ka juya, na bi bayanka, domin a wurinmu ba a barin baƙo ya juya shi kaɗai, sai an taka masa. Ka waiwayo ka gan ni, ka ɗauka tsufa ne ya ruɗa ni. Ka mayar da ni, kana nuna mini lambar gidan da yatsa: "Nan ne gidanka. Nan." Na ce na sani. Ka juya, na sake bin ka. A karo na uku ka zauna a kan matakala kana haki, ka ce in gaya maka abin da nake nema. Da na yi maka bayani ka ce, "To, ni kuma uwata ta hana ni barin tsoho a kan titi. Yaya za mu yi? A nan za mu kwana?" Muka yanke shawara a kan ƙaton itacen da ke kwanar layi. Ni in raka ka zuwa gindinsa, kai kuma ka tsaya a wurin har ka ga na shiga gida. Haka muka yi shekara uku da rabi, ba mu saɓa ba ko sau ɗaya.

Bayan kwana biyu na koma don in yi godiya yadda ya kamata. Na tarar da sabon kofi shuɗi, ko takardar kanti ba a cire masa ba, da butar shayi, da ƙusa da ka kafa a gefen ƙofa don rataye kofin. A famfon waje kake wanke kofin nan, ba ya haɗuwa da sauran. Ran da abokinka Otis, wanda ya yi ritaya daga masaƙa, ya miƙa hannu zai ɗauka, ka ce masa, "Taɓa kofin Farfesa ka nemi wata mashayar." Tun daga ranar na zama Farfesa, ni da ban wuce koyar da 'yan firamare ba. Ni kuma nake ce maka Janar, ko da yake ka rantse mini dankali kawai ka fere wa sojoji.

Tsakanin Azahar da La'asar nake zuwa, lokacin da ba kowa sai tsofaffi uku ko huɗu. Kujerata tana bakin ƙofa, bayana yana wajen kwalabe. Na koya muku dara a kan kwali, ka riƙa ware mini murafun lemo, kana zubar da na giya. Otis ya koya, ya ƙware, ya fara maguɗi. In na kama shi sai ya ce ai ni ne nake sake dokokin da Faransanci don kada ya ji. Da lokacin salla ya matso kai ne kake duban agogo kafin ni, ka ce, "Tashi, Farfesa, kada Ubangijinka ya ce ni na riƙe ka." A azumin farko da ka yi kwana uku ba ka gan ni ba, ka zo ka buga ƙofa ka ce ka zo ka ga ko na mutu. Bayan haka duk azumi Roseline tana aiko mini da wani gashin dankalin Hausa mai zaƙi da ake yi a nan, tare da 'yar takarda cewa babu man alade a ciki.

Magana ta zaga cikin mutanenmu. Wasu suka rage tsawon gaisuwa. Salifou ya same ni, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ana magana." Ban zarge su ba, yanzu ma ban zarge su ba. Na san abin da malamai suka faɗa a kan zama inda ake shan giya, ban ce ina da gaskiya ba, kuma ina roƙon Allah gafara. Abin da na gani kawai nake shaidawa. Da sanyin 2005 ya kwantar da ni a asibiti kwana tara, kai ne kake zuwa kullum da kofin nan a aljihun kwat, don ka ce shayin asibiti a kofin roba ba ya warkar da kowa. Shi ya sa da aiki ya mayar da Salifou garin Charlotte na ce su je, ni na tsufa da koyon sabon layi.

Tun ranar Litinin abu ɗaya nake so, in raka ka. Roseline ta ce za a yi addu'a a coci yau ƙarfe sha ɗaya, daga nan a wuce maƙabarta, can bayan gari. Ƙafata ba ta hawa bas yanzu. Masu taksin da na sani duk 'ya'yanmu ne, na kuwa ji nauyin in ce wa ɗayansu ya kai ni coci jana'izar mai mashaya, kada in jawo masa maganar da na jawo wa ɗana. Na kira Salifou, ya ce zai zo ƙarfe tara.

Tun ƙarfe takwas na sa farar rigata, na dafa masa shayi, na zauna a bakin taga. Tara ta wuce, goma ta wuce. Na kira sau biyu, bai ɗauka ba. Da sha biyu ta gota na cire hula na ɗora a gwiwa. Na ce a raina, mutumin da na raka sau ɗaruruwa a kan tafiyar layi uku, yau zai yi doguwar tafiya ban taka masa ba.

Sai na ga motoci sun kwano layinmu a jere, fitilunsu a kunne da rana, baƙar motar da kake ciki tana gaba. Layinmu ba hanyar maƙabarta ba ne. Suka tsaya a ƙofata. Otis ya fito cikin wata kwat da ta matse shi, ya hau matakala, ya ce, "Farfesa, Roseline ta duba coci ba ta gan ka ba. Ta ce wannan tsohon ba zai yarda Malachy ya tafi babu rakiya ba. Sa hularka."

Na sa. Na ɗauki sanda na sauko. Roseline ta sauke gilashi ta ce akwai wuri kusa da ita. Na ce mata da ƙafa ake yi. Motarka ta fara mirginawa a hankali, ina biye, Otis yana riƙe da gwiwar hannuna inda kake riƙewa. Maƙwabta suka fito suka tsaya, wani ya cire hularsa. A gindin itacen na tsaya. Otis ya ce in shiga mota mu ƙarasa. Na ce a'a, a nan muka yi da shi. Na ɗora tafin hannuna a jikin motar, na ce ka sauka lafiya, Janar, na juya.

Tafiyar komawa ta ɗauke ni lokaci, saboda ciwon gwiwa. Ban ji ƙarar tashin mota ba. Da na kai ƙofa na waiwaya, duk suna nan a gindin itacen, ba wadda ta motsa. Ashe ka gaya wa Roseline yadda muka yi. Sai da na shiga na rufe ƙofa, na leƙa ta taga, sannan kuka tafi.

Kafin Otis ya sake ni ya ce Roseline za ta buɗe shagon ranar Litinin, kofin yana kan ƙusarsa, kuma shi ne zai riƙa kawo ni gida. Ya ce, "Amma sau ɗaya. Ni ba zan yi ta kai da kawo sau uku ba." Na ce zan gani in ya daina maguɗi.

Malachy, addininmu ba ɗaya ba ne, hukuncin bayi kuma ba a hannuna yake ba. Na miƙa lamarinka ga Wanda ya halicce mu duka, Mai rahamar da ta fi ƙarfin lissafina, Wanda ya ga ƙusar nan ran da ka kafa ta. Roseline, Allah ya ba ki haƙuri, ya ƙarfafa zuciyarki, ya saka miki abin da kika yi mini yau. Ina yi wa 'ya'yanku biyu da jikokinku ta'aziyya, da Otis, da sauran tsofaffin teburin dara. Mu da muka rage, Allah ya kyautata ƙarshenmu, ya ba kowane baƙo a ƙasar nan wanda zai ajiye masa kujera. Amin.

La'asar ta yi, zan tashi in yi alwala. Salifou bai zo ba. Shayinsa ya huce, na rufe shi. Gobe zan sake kiransa, in karanta masa wannan.

Abdussalam Ousseini
Greensboro