Ranar da Wuri Ya Daina Zama Kuɗi

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har da haƙora, amma wata Alhamis a kasuwar Maigatari ta gagare shi, kuma da ita za a binne ni.

A kakar shekarar wani attajirin Gumel ya bi ƙauyukanmu na Gagarawa yana sayen gero da tsadar da ba mu taɓa ji ba. Da wuri, kuɗin zamanin, yake biya, buhu-buhu. Baba ya sayar masa da rabin rumbu, muka yi ta sa masa albarka. Ni da nake ganin na yi karatu har waliyyi na kira shi. Ashe ya riga ya jiyo daga Kano cewa Nasara ya daina karɓar haraji da wuri, sai azurfa.

Da sanarwa ta iso, kwana bakwai aka ba mu. Wanda bai biya ba, a kama dabbarsa. Saniya ɗaya gare mu, kuma da nononta jaririyata take rayuwa, don na uwarta ya ƙafe.

Ni da Baba muka ɗora wa jaki wurin, muka isa Maigatari da hantsi. Masu canji duk suka kau da kai. Mutum ɗaya ne ke karɓa: attajirin nan. Yana zaune bisa darduma, sulalla cike da kwano a gabansa.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "kuɗinka ne, ko bakin buhun ban kwance ba."

"Malam, da na ba ka kuɗi ne. Yau tsakuwa ce. Don mutunci zan ba ka sule uku."

"Rabin rumbu fa!"

"To koma da shi gida ka dafa."

Baba ya damƙe sandarsa. Barorin attajirin suka miƙe. Na riƙe hannunsa, na raɗa masa, "Baba, saniya." Ya daɗe a tsaye. Can ya saki sandar, ya miƙa hannu biyu.

Sule ukun ya tafi haraji, saniya ta tsira. Da bazara ƙwadago muka yi a gonar attajirin muna karɓar geronmu a matsayin lada. Wurin kuwa raƙumansa suka kai arewa, inda ake cin kasuwa da shi har lokacin.

Tun ranar na gane mai kuɗi ba a buhu ya fi mu ba, labari yake riga mu ji. In ya biya ka fiye da abin da ka nema, dakata da godiya, ka fara tambayar me ya jiyo.