Inna da Jarumi Mai Rufe Fuska

Muna kallon fim ɗin wani jarumi mai rufe fuska, Inna na gyaran busasshen kifin da aka aiko mata daga garin Guri. Jarumin ya kama ɓarawo yana ta jibgarsa, ba alƙali ba shaida.

Inna ta ce, "Ina uwar yaron nan?"

Na ce, "Maraya ne, Inna. Kusan duk jaruman irin wannan fim haka suke."

"Shi ya sa. Ba shi da mai ce masa ya isa."

Sai ta kalli yayana Habu, wanda ya shiga 'yan sintirin unguwarmu bana. "Kai kam uwarka na nan da ranta."

Habu ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ku fa, wa ke ce muku ya isa?