Ranar da Muka Kwashe Gazuwal Daga Kan Tapkinmu

Shekarun baya, tun ina da ƙarfin ɗaga kwandon gyaɗa ni kaɗai in ɗora a ka, wani abu ya faru a ƙauyenmu da har yau in na tuna sai na gyara zama. Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ko ɗaya ba. Wannan da kuke karantawa ni nake faɗi, ɗiyata take rubutawa, kuma na gaya mata in ta rage mani magana ko guda zan gane.

Ƙauyenmu yana bakin hanyar da ta tashi daga Tasawa ta nufi Mayahi. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun ina budurwa a gaban mahaifiyata. Muna da tapki guda a kwari, ƙasa da hanya. Shi ke riƙe mana dabbobi daga ɗaukewar ruwa har kusan bazara. Rijiyarmu zurfi gare ta, mutane ma da kyar take isa, balle shanu da awaki. In tapkin nan ya lalace, sai dai kowa ya ja dabbarsa kasuwa ya ba da ita yadda aka taya. Ni kuwa tun rasuwar maigidana awakina ne ƙarfina.

Daminar wannan shekara gwiwata ta kumbura, ban fita gona ba. Ɗiyata malamar lakwal ce a Tasawa, ta zo hutu tana jinyata. Ta taho da wani littafi mai kauri na Faransanci, a bangonsa hoton jirgin ruwa ya karye biyu. Kullum bayan azahar sai ta ɗauko, ta nutse a ciki, in yi magana ba ta ji. Ranar nan na gaji, na ce, "Ke, jinyata kika zo yi ko ta takarda? In abin daɗi ne a ciki ki raba da ni." Shi ke nan, ta fara karantawa tana juya mani da Hausa.

Labarin wani ƙaton jirgi ne cike da mai. Masu shi mugaye ne, su suka sa aka kai shi kan duwatsu da gangan, ya fashe, man ya malale kan teku. Akwai wata mata mai bincike da ta gano asirinsu, suna bin ta gari gari za su kashe ta. Kai, na sha tashin hankali saboda matar nan. Wata rana na hana a tsaya har la'asar ta yi nisa, sai da na ji ta tsira daga cikin wata mota.

Na tambayi ɗiyata, "Tekun nan, ya kai tapkinmu goma?" Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Inna, ko kin hau jirgi kin yi sati kina tafiya ba za ki ga gaɓa ba." Na ce to, ƙaryar masu takarda ba ta da iyaka.

Amma akwai wurin da ya tsaya mani a rai. Masunta sun so su kewaye man da wani shinge mai yawo a kan ruwa, su kwashe. Mugayen nan suka riga su, suka watsa wani magani don man ya nutse, ido ya daina ganinsa. Ruwa ya yi kyau daga sama, kifi kuwa suka shiga mutuwa daga ƙasa. Na buga tabarma na ce, "Wawaye! Mai a kan ruwa ai kwashe shi ake yi, ba a dama shi. Wannan ko yarinyar da ta fara koyon matsa ta sani." Ɗiyata ta ce, "Inna, labari ne fa." Na ce ko labari ne a yi shi da hankali. Hutu ya ƙare ta koma aiki, ba mu kai ƙarshen littafin ba.

Kaka ta yi, an kwashe gero, ko'ina sussuka ake. Wata rana da hantsi muna masussuka muka ji ƙara kamar tsawa. Siterni ce, babbar motar nan mai dakon mai, ta ƙwace a kwanar da ke saman kwari ta kwanta da gefe. Direban ya fito da ransa, hannu kawai ya karye. Amma cikinta ya tsage, gazuwal, man manyan motoci, yana tuttuɗowa, ya kama hanyar da ruwan sama ke bi ya gangara tapki. A ba maza haƙƙinsu, sun yi sauri sun tare hanyar da ƙasa. Sai dai kafin su tare, abin da ya shiga ya shiga. Na isa bakin tapki na ga fuskar ruwan tana ƙyalli, kala-kala, wari kamar zai fasa kai.

Maza sun taru suna ta hayaniya a gaban maigari. Wasu har sun fara cika kwanduna da rairayi za su watsa a kai, wai ya danne man ya kai shi ƙasa. Ƙanen mijina kuwa, wanda ba ya rasa shawara ko ba a tambaye shi ba, yana cewa, "A kunna masa wuta kawai, ya cinye kansa mu huta."

Ban san lokacin da na ratsa tsakiyarsu ba. Na ce, "Duk wanda ya watsa rairayin nan ya kashe tapki. Ku ajiye!"

Ƙanen mijina ya ce, "Yaya, wannan fa ba kaskon ƙuli-ƙuli ba ne. Koma wajen mata."

Na ce, "Kai da ko koko ba ka taɓa tacewa ba, kai za ka koya mani halin mai? Jiƙa yatsanka ka ɗaga sama. Iska daga gabas take, rumbunanmu suna yamma. Kunna wutar mu ga mi za ka ci bana."

Ya ɗaga kai ya dubi rumbunan. Maigari ya ce, "Inna, faɗi abin da kika sani."

Na ce a kawo mani ƙwarya biyu da ruwa. Na zuba gazuwal kaɗan a kowace. Ta farko na watsa mata rairayi na juya, ruwan ya rikiɗe ya zama wani abu mai wari, ba ka ce ga mai ga ruwa ba. Na ce, "Wa zai ba akuyarsa wannan?" Ta biyu na barbaɗa mata ƙaiƙayin gero, na bari ya ɗan jima, na sa hannu a hankali na yaye shi. Ƙaiƙayin ya sha man, ruwa ya fito fili. Na ce, "Ranka ya daɗe, muddin yana sama namu ne. In ya sauka ƙasa ya fi ƙarfinmu. A ba ni zana da igiya da kara, a ba ni ƙaiƙayin garin nan duka, a ba ni mata masu matsar mai. Maza su killace tapki da ƙaya kada dabba ta matso, su ja ruwan rijiya su shayar."

Wani dattijo ya ce, "Ina kika taɓa ganin an yi haka?"

Na ce, "A teku."

Wuri ya kece da dariya. Ƙanen mijina ya ce, "Teku! Ke da ko Maraɗi sau biyu kika je, na biyun ma barci kika yi a mota."

Maigari bai yi dariya ba. Ya ce, "In bai yi ba fa?" Na ce, "Ranar da za a buɗe tapki, jar akuyata ce za ta fara sha a gaban kowa. In ta mutu ni na yi asara." Kowa ya san jar akuyar nan, tagwaye take haifa, ko an taya ba na saurara. Sai maigari ya ce a yi yadda na ce.

Zanan gidana na fara sa aka kwance. Gidana ya tsaya tsirara, mai wucewa yana hango har tukwanena da wurin wankana. Da sauran mata suka ga haka, kowace ta kwanto nata. Muka ɗinke su baki da baki suka zama doguwar katanga, muka ɗaura damman kara a jiki don ta yi yawo kada ta nutse. Masu ciki da masu goyo na hana su matsowa, na ce su tsaya nesa su riƙa tara ƙaiƙayi.

Iskar nan da ta hana a kunna wuta, ita ta yi mana rabin aiki. Ta riƙa tura man yana taruwa a kusurwar yamma. Muka shiga ruwa har ƙugu muna jan katangar, sannu sannu kamar masu kai amarya. Ina ta faɗi, "Kada ku taka da ƙarfi! Ja ƙafa, kada ki ɗaga!" Har muka rufe shi a kusurwar. Daga nan sai aikin da muka gada. A kwantar da bakin ƙwarya, a bar man ya gangaro da kansa, a miƙa baya, a juye a tano, babbar gangar ƙarfe. In ya yi siriri har ƙwarya ba ta kama shi, a barbaɗa ƙaiƙayi, a jira, a kwashe da kwando. Ƙaiƙayin da ya sha mai maza ke kai shi can kan tudu, nesa da ruwa.

Kwana uku muna yi, daga fitowar rana zuwa la'asar. Ba zan ɓoye maku ba, mun sha wuya. Fatar ƙafafunmu ta yi ta saɓulewa, kai yana sarawa, wasu har amai. Muka riƙa karɓa-karɓa, wadda ta jima a ciki ta fito ta sha iska. Matan rugar Fulani da ke kusa suka riƙa kawo mana nono, don su ma shanunsu nan suke sha. Ni kuwa shugabar aiki, ina tsaka da yi wa wata faɗa kan ta iya taku, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas cikin laka. Mata suka yi ta dariya har ƙwarya na kuɓuce masu. Wata ta ce, "Inna, haka ake yi a tekun?" Wata guda ina warin gazuwal, kajina ma in na matso sai su watse.

Rana ta biyu wani ma'aikaci ya zo daga Tasawa tare da jandarmomi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon katangar zana a kan ruwa, ya yi wata magana da Faransanci, sannan ya ce, "Wa ya ba ku wannan dabara?" Duk aka nuna ni, ga ni laka har wuya. Ya ce, "Hajiya, ina kika yi karatu?" Na ce, "Gaban kasko, ɗana." Shi ma ya ƙara mana abin da ban yi tunani ba. Ya ce a kankare lakar gaɓar yamma duka a kai tudu, don ita ma ta sha. Ya ɗebi ruwa a kwalabe ya ce kada dabba ta sha sai ya dawo.

Jiran nan ya fi shiga ruwan wuya. Maza suna kan rijiya hannuwa duk kanta, ruwa ba ya isa, dabbobi sun fara ramewa. Wasu suna cewa da an ƙone abin da tuni an gama. Ni dai kullum da safe sai in je bakin tapki in duƙa in shinshina, in kwashe ɗan abin da ya taso.

Da ma'aikacin ya dawo ya ce dabbobi za su iya sha, sai kowa ya riƙe igiyar tasa yana kallona. Na jawo jar akuyata na kai ta bakin ruwa. Kun san halin akuya, ba ta shan abin da ranta bai kwanta da shi ba. Ta shinshina, ta ɗaga kai, ta juya ta kama cin wani ganye. Ƙanen mijina ya ce, "Yaya, ko ita ma sai an karanta mata littafin?" Na ce, "Tana da tarbiyya, ba ta sha kafin ta ci." Ta gama taunarta, ta dawo, ta tsoma baki. Ta sha, ta sha, har cikinta ya fito. Aka bar ta ta wuni a gaban jama'a tana tsalle-tsallenta. Washegari da safe aka janye ƙaya, shanu suka gangaro, mata suka ɗauki guɗa tun daga tapki har ƙofar gidana.

Bayan kwana biyu na ga ƙanen mijina ya shigo da sabon zana a kai, shi ya saƙa da hannunsa. Ya kafa mani. Da zai fita ya ce, "Yaya, gaisuwa ga mutanen teku."

Da ɗiyata ta sake zuwa na ce ta ɗauko littafin mu ƙarasa. Matar nan ta tsira, ta tona asirin mugayen, aka kama su. Na ce, "To tekun fa?" Ta ce teku ya riga ya lalace, masunta sun watse. Abin ya taɓa ni. Ga jirage, ga masu karatu, amma ba a samu mace guda mai matsar gyaɗa an tambaya ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, ba na ƙara ce wa ɗiyata ta ajiye takarda, don da ba ta karanta mani ba, da ina tsaye za a watsa rairayin nan ina kallo. Ita ma ba ta ƙara ce mani labari ne kawai. Yanzu gwiwa ta hana ni gangara kwari, amma da hantsi ina jin kukan awaki suna sauka. A cikinsu akwai jajaye da yawa, duk jikokin akuyata ne, kuma a tapkin nan suke sha.