Tsaron gero a Woodbridge

Da taƙamar ɗan manomi na zo ƙasar nan, ko da yake rabona da fartanya tun ina sakandare. Shekarar da Baba zai zo a yi masa aikin ido, sai na ce bari in nuna masa boko bai cinye ni duka ba. Na tone ciyawar ɗan filin gidanmu a Woodbridge, na shuka gero irin noman da: wake a tsakanin kunyoyi, kuɓewa da yakuwa a gefe, ba feshi ba komai. Irin ma a wani shagon 'yan Afirka a Silver Spring na saye shi, na kunu ne. Matata ta ce ba ta taɓa ganin manomi mai safar hannu ba sai ni.

Baba ya zo, garin bai karɓe shi ba. Ba ya ci, ba ya hira. Da aka yi ido ɗaya ya ce a mayar da shi gida, wanda aka yi ɗin ya ishe shi ganin abin da ya rage masa a duniya. Likita kuma ya ce in aka bar na biyun haka, idon zai mutu ke nan. Hankalina ya tashi ƙwarai. Dabarar da ta zo mini, ni injiniya guda, ita ce in dama masa fura da geron da na noma da hannuna, ko ransa zai kwanta ya zauna.

Gero na fara ƙosawa tsuntsaye suka sauka. Akwai wani ja wur mai tukku, akwai 'yan rawaya ƙanana, da baƙi mai jan kafaɗa, da kurciya wadda ita kaɗai na gane. Filayen maƙwabtana a aske suke tas, an feshe su, ko fara babu, don haka duk unguwar a gonata suke kalaci.

To, a nan fa aka taɓo sana'ata. Ina yaro ni ne mai tsaron gonarmu. Baba kan ɗora ni a rumfa, ya ba ni igiya mai gwangwanaye da majajjawa, in na yi gyangyaɗi buwa ta sauka, kunnena ne zai biya. Na ɗaura igiya daga katanga zuwa katanga, na zuba tsakuwa a gwangwanayen tumatir, na yi mutum-mutumi da tsohuwar kwat ɗina ta ofis. Kafin in hau babbar hanyar I-95 zuwa aiki da safe sai na fita na yi ta girgiza igiya ina kora. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo, cikin ladabi ta tambaye ni ko wata ibada ce tamu. Tsuntsayen kuwa a kafaɗar kwat ɗin suke hutawa in sun ƙoshi.

Wata Asabar na fito na tarar an kwance igiyar, an tara gwangwanayen a gefe. Baba na zaune a kujera, hula a gwiwa. Na fara zagin iska, ya ce ba iska ba ce, shi ne.

Na ce, "Baba, ai kai ka koya mini."

Ya ce, "Na koya maka lokacin da akwai abin kora."

Sai ya buɗe baki, abin da bai yi ba tun zuwansa. Ya ce tun da aka sare gawo da ɗorawa don tarakta ta samu hanya, aka koma masara zalla da maganin feshi, gonarmu ta gida ta yi shiru. Fakara ba ta da ciyawar ɓuya. Balbela ta daina bin garma don ba ƙwaron da za ta tsinta. Shamuwa, wadda da ita suke sanin damina ta kusa, ba bishiyar da za ta yi sheƙa. Ya ce amfani ya ƙaru, ba ya musu, rumbu na cika. Amma yakan wuni a gona bai ji komai ba sai kukan babur.

Ya ɗaga yatsa ya ce in yi shiru, kurciya ce ke kuka. Na tsaya da gwangwani a hannu, kunya da tausayi suka rufe ni lokaci guda.

Daga ranar a nan yake karyawa, a nan yake wuni. Ya daina zancen jirgi. Aka yi ido na biyu, kuma abin da ya fara nema a nuna masa shi ne jan nan mai tukku, ya ce ashe ɓarawon kyakkyawa ne. Geron da na girbe bai cika kofin shayi ba. Furar dai ta shago muka sha, matata ba ta bar ni na manta ba har yau.

Yanzu Baba na gida da idanunsa biyu. Kowace bazara ina shuka geron, ba igiya, ba kwat. In na kira shi muka gaisa, na fara kawo masa labarin aiki da yara, ba ya bari in yi nisa.

"To madalla," in ji shi. "Kai wayar cikin gonar ka ajiye in ji tsuntsaye, ka je ka yi harkarka."